Difa'ul Madani sun ba ni wa'adi: in biya 18,000 ko in sayi takarda?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan abinci a Makka, wajen Shara Mansur, muna sayar da tsire da waina da tuwo. Sana'ar gado ce, kuma rijistar da sunana take. Makon jiya jami'an Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da kare jama'a ta Saudiyya, suka shigo suka dudduba, suka rubuta min laifuka: tafayoyin kashe wuta sun lalace, tukwanen gas suna cikin kicin, ƙofar baya a toshe da buhunan gawayi, kuma babu na'urar kashe wuta a saman murhu. Sun ba ni wa'adi. Wani kamfani ya ce zai yi min aikin duka a kan riyal 18,000, har da kulawar shekara guda. Wani mu'aƙƙib kuma, wato dillalin bin takardu a ofisoshin gwamnati, ya ce in ba shi 4,000 ya kawo min takardar da ke nuna an yi aikin. Mai gini ya ce babu ruwansa. Ga azumi ya ƙarato, kuɗin hannuna na sayen kaya ne. Tun zamanin mahaifina muke wannan sana'a ba mu taɓa yin gobara ba. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Mu fara da mu'aƙƙibin nan: kada ka ba shi ko riyal ɗaya.

Bari in faɗa maka yadda aikin mutanen nan yake, za ka ga dalili da kanka. Difa'ul Madani tana ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, kuma ba masu zuwa da jar mota idan an buga 998 ko 911 kaɗai ba ne. Akwai sashen salama, wato na rigakafin haɗari, waɗanda aikinsu shi ne zagaya shaguna da otal-otal da sito-sito kafin wuta ta tashi. Su ne suka zo wajenka. Izininsu ta manhajar Salamah yake fita, kuma a ɗaure yake da lasisin baladiyya, wato hukumar gari, da kake sabuntawa ta manhajar Balady. Idan ɗaya ya maƙale, ɗayan ma zai ba ka wahala. Abin da suke nema ba ra'ayin jami'i ba ne. Daga dokar gine-gine ta ƙasa yake, ɓangaren kariya daga gobara da ake kira SBC 801, wanda ya raba sana'o'i gwargwadon haɗarinsu da girman wurinsu. Shi ya sa maƙwabcinka tela zai rataye tafaya biyu a wuce shi, kai mai gawayi da gas da tafasasshen mai a tsaya a kanka.

Wanda ya rubuta maka wa'adi zai dawo, ko shi ko abokin aikinsa. Idan ya dawo, saman murhunka zai ɗaga kai ya kalla. Takarda ta ce an saka na'ura, ido kuma bai ga na'ura ba: ka tashi daga mai saɓa ƙa'idar salama ka koma mai gabatar wa hukuma takardar jabu, wannan kuwa ba maganar tara ba ce kawai. Dokar Difa'ul Madani ita kanta ta tanadi tara har riyal 30,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6, ko duka biyun, ga kuma ikon rufe wuri. Idan kuma mu'aƙƙibin yana nufin zai miƙa wa wani jami'i wani abu daga cikin 4,000 ɗin, to cin hanci ne, hukuncinsa a ƙasar nan yana kaiwa shekara 10 da tarar riyal miliyan ɗaya, mai bayarwa da ɗan aike duk suna ciki. Araha ba ta ado, Alhaji.

To sai batun 18,000. Ni ban ce ka ɗauki kuɗin ka miƙa yadda aka faɗa ba. Ka ce wa kamfanin su rubuto maka farashin abu-abu, kowane da kuɗinsa, su kuma nuna ko harajin kashi 15 yana ciki, domin da yawa sai an gama ciniki ake jin labarinsa. Ka nemi irin wannan takarda daga wasu kamfanoni biyu, da sharaɗin sunansu yana cikin waɗanda Difa'ul Madani ta amince da su. Jerinsu yana cikin Salamah. Kamfanin da ba ya cikin jerin, ko aikinsa ya fi na kowa kyau, hatiminsa ba zai karɓu ba, sai ka sake biya.

Da ka baje lissafin a gabanka za ka ga wani ɓangare na laifukan nan ko sisi ba ya ci. Buhunan gawayin da ke ƙofar baya, yau ɗin nan yara za su iya kwashe su. Na san dalilin da ya sa suke can: kicin ƙarami ne, haya a Makka tsada, duk tafin hannu na wuri yana da daraja, ƙofar baya kuma ba mai bi. Amma ranar da kaskon mai ya kama, harshen wuta tsakanin mai suya da ƙofar gaba yake tsayawa, ita wannan ta bayan ce kaɗai mafitarsa. Kuma idan akwai yaron da ke kwana a shagon kana kulle su ta waje da kwaɗo, ka daina daga daren yau. A watan Yulin 2017 ma'aikata 11 suka mutu a Najran cikin gidan da ba shi da tagogi, hayaƙi ne ya kashe su.

Tafaya ma ba wani kuɗi ba ne, sai dai mutanenmu ba su san duba ta ba. Je ka tsaya gaban taka. Akwai ɗan agogo a wuyanta, allurarsa ta zauna a kan kore. Akwai fil ɗin ƙarfe da aka ɗaure da roba, kada ya zama a tsinke. Akwai takardar da kamfanin kulawa ke liƙawa da ranar da aka duba ta. Idan ta hoda ce, ka ɗaga ta ka kifa kusa da kunnenka. In ba ka ji garin yana zubowa a hankali ba, ya dunƙule, ranar buƙata iska kawai za ta fesa. A rataye ta a bango inda hannu zai kai, ba bayan firiza ba, ba kuma a tokare ƙofa da ita ba. Wurin suyar waina da duk inda mai ke tafasa, ba ta hoda ake so ba, akwai ta musamman mai ruwan magani da aka yi domin wutar man girki, tare da bargon kashe wuta. Ka kuma ja kunnen yaranka: ba a watsa wa wutar mai ruwa. Kofi guda ya isa ya cilla ta har silin.

Inda kuɗin yake shi ne gas da kuma rumfar zuƙe hayaƙi, kuma nan ne nake ganin jami'an sun fi ka gaskiya. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Idan tiyo ya tsage da dare, ba sama yake tashi ba, kwanciya yake a ƙasa, ya bi ƙarƙashin tebura yana jiran wanda zai kunna fitila da asuba. Saboda haka ake son tukwanen su koma waje cikin keji mai shan iska, a inuwa, a shigo da gas ɗin ta bututun ƙarfe, a saka na'urar jin ƙamshinsa ƙasa-ƙasa kusa da daɓe, mai datse shi da kanta. Hukumomin Makka ba sa wasa da wannan, kuma kai ka fi ni sanin dalili. Gobarar tantunan Mina a aikin Hajjin 1997 ta ci alhazai sama da 340. Bayanta ne aka kafa tantunan nan da ba sa cin wuta, aka kuma hana shiga da tukwanen gas Mina da Arfa da Muzdalifa a kwanakin Hajji. Jami'in da ya tashi da wannan tarihin ba zai ga tukunya kusa da garwashi ya kau da kai ba.

Rumfar hayaƙi kuwa, gobe da safe kafin a hura wuta ka cire ragar ka zura yatsa ciki. Baƙin danƙon da zai biyo yatsanka kitse ne da man ƙuli-ƙuli da hayaƙin tsire ya kwashe shekaru yana shafawa. Shi ma makamashi ne. Tartsatsi ɗaya daga gawayi ya isa, wutar ta bi bututun ta haura, kai kana ƙasa kana yanka albasa, mutanen bene su riga ka sani. Na'urar da suka ce ka saka ƙananan bakuna ne a jikin rumfar, idan zafi ya wuce ƙima sai su feso magani a kan murhu, gas kuma ya yanke. Ka tambayi kamfanin tun yanzu ko za a raba bututun gawayi da na gas, kada a gama aiki jami'i ya ce a sake. Wankin bututun kuma ya shiga cikin kwantiragin a rubuce, tare da sau nawa za a yi shi a shekara. Tokar dare a zuba ta a garwar ƙarfe mai murfi, a fitar.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Ko da ba a rage maka komai ba, 18,000 a raba ta kwana 365 ba ta kai riyal 50 a rana ba, kuma shekarar farko ce mai nauyi. Na'urar tana nan, shekaru masu zuwa kuɗin kulawa kawai za ka biya. Yanzu ɗauko littafinka na bara ka duba cinikin goman ƙarshe na azumi, daga buɗe-baki zuwa sahur. Wannan adadin shi ne abin da kake sakawa a caca. Sintirinsu yana ƙaruwa ne gab da azumi da Hajji, daidai lokacin da rufe maka shago zai fi yi maka ciwo: haya tana tafiya, albashi yana tafiya, nama yana cikin firiza, masu Umara kuma sun gano wani mai tsiren a layin gaba.

Game da kuɗin kaya, kada ka cinye jarin gaba ɗaya. Kamfanonin nan suna karɓar biya kashi-kashi idan ka nema, wani abu a fara aiki, ragowar bayan Difa'ul Madani ta zo ta amince. Ka dage a kan wannan sharaɗi na ƙarshe, shi ne zai sa su yi aikin da zai wuce. Ka rage sarin da kake yi na wata guda zuwa na mako-mako har azumi ya kankama. Shinkafa da mai ba za su gudu daga kasuwa ba. Idan kana cikin adashi, ka roƙi a ba ka kwasar wannan wata. Tunda kai ɗan ƙasa ne, Bankin Tanmiya na gwamnati yana ba ƙananan sana'o'i rance marar ruwa, sai dai takardunsa ba za su fito kafin wa'adinka ya cika ba, ka bar shi don gaba.

Mai gini da ya ce babu ruwansa, rabin gaskiya ya faɗa. Rumfar hayaƙi da gas sana'arka ce ta kawo su, naka ne. Amma abin da ke jikin ginin, kamar babban layin lantarki da famfon kashe gobara da tankinsa da ƙararrawar bene, wannan a al'ada na mai gida ne, sai idan kwantiraginku na haya da ke manhajar Ejar ya faɗi akasin haka. Karanta shi kafin ka je wurinsa. Idan akwai aikinsa cikin abin da aka rubuta maka, ka ce za ka yi, a cire daga haya, kuma a rubuta. In ya ƙi, ginin kuma shi kansa ba shi da shaidar salama, ka lallaɓa ka ci kasuwar bana, bayan Hajji ka fara neman wani wuri.

Ka ce ba ku taɓa yin gobara ba. Alhamdu lillahi, Allah ya ci gaba da tsarewa. 'Yan kasuwar Sabon Gari a Kano ma da yawansu haka za su ce maka kafin watan Maris na 2016. A nan kusa, wutar da ta kama babbar kasuwar nan ta unguwar Rauda a Jidda a watan Satumban 2024 har jami'an kashe gobara biyu ta ci. Abin da nake so ka riƙe shi ne, asarar gobara ba ta tsayawa a kan kayanka. Idan bincike ya nuna daga kicinka ta tashi, ga kuma takardar gargaɗi da ba ka yi aiki da ita ba, maƙwabta za su nemi haƙƙinsu a wuyanka, mai gini ma haka. Idan aka rasa rai, diyyar kisan kuskure ta namiji riyal 300,000 ce. Don haka idan aikin ya kammala ka nemi inshora, wadda ta haɗa da ɓarnar da za ta shafi wasu, ba kayanka kaɗai ba. Kamfanin inshora kuwa abin da zai fara tambaya ranar biya shi ne izinin Difa'ul Madani da takardun kulawa. Nan ma takardar 4,000 za ta kunyata mai ita.

Ga sauran 'yan'uwa masu karatu waɗanda shagonsu yake da sunan wani ɗan ƙasa suna biyansa a wata: ku matsalarku ta fi tafaya. Wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa shekara 5 da riyal miliyan 5, kuma binciken gobara yana daga cikin abubuwan da ke tona shi, domin tambayar farko ita ce wa ke da wurin.

Kai kuma Alhaji, kada ka jira ranar ƙarshe. Da zarar ka sa hannu da kamfani, ɗauki kwantiragin da rasit da hotunan ƙofar baya a buɗe ka kai sashen salama na yankinku. Idan aikin rumfar ba zai ƙare cikin wa'adi ba, ka nemi ƙarin lokaci a rubuce. Wanda ya zo da shaidar ya fara aiki ba a kallonsa kamar wanda aka zo aka tarar. Ranar da za su dawo ka kasance a wurin da kanka. Kafin nan, ranar da kamfani zai kwashe tsofaffin tafayoyin, ka roƙe su su zo da guda mai aiki, a fita fili, kowane yaro ya zare fil ya fesa da hannunsa, har da mai wanke-wanke da mai aikin dare.