Ku Tambaya Mu Amsa: ciniki na tafiya amma jari na narkewa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Wata takwas kenan da na fara ɗan kasuwancina, kuma Alhamdulillah ciniki na tafiya, kusan kullum sai na sayar, amma abin da ke ban mamaki duk lokacin da zan saro sabon kaya sai in ga kuɗin ba su kai ba, yanzu har uwar kuɗin ta fara raguwa. Wallahi na rasa inda kuɗin ke shiga. Ko dai ni ba ni da hannun kasuwa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka cire wannan maganar ta hannun kasuwa tukuna, matsalarka ta lissafi ce kuma tana da magani. Ba kai kaɗai ba ne, ko a Amurka inda hukumar ƙididdigar ƙwadago ke bin diddigin wannan abu shekara da shekaru, cikin duk sabbin kasuwanci 5 kusan 1 ba ya cika shekara, in an kai shekara 5 kuwa wajen rabi sun rufe. Kuma da yawansu ba rashin kwastoma ya kashe su ba, kuɗin hannu ne ya ƙare musu alhali a takarda riba suke ci.

Bari in buga maka misali. Ka saro kaya a 100 ka sayar 130, a ranka ka ci 30 ko? Toh kuɗin motar da ta kawo kayan fa, ledar da ka zuba, data da katin da kake kiran kwastoma, hayar wuri, wuta, wanda ya fashe a hanya, wanda aka dawo maka da shi, in ka tattara duk wannan sai ka ga 30 ɗin nan ta koma 8 ko 10, wani lokacin ma faɗuwa kake yi kana murna. Wannan ɗaya kenan.

Na biyu, kuma ina zargin nan ne naka ciwon yake, bashi. Ka buɗe littafinka, in ma akwai littafin, ka duba nawa ne a hannun mutane. Mai ba ka kaya yana son kuɗinsa yau, wanda ka ba wa kaya yana cewa ƙarshen wata, tsakanin yau da ƙarshen watan nan a nan jari ke mutuwa. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, gaskiya ne, amma sabon kasuwa ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyin kowa. Ka yanke iyaka, misali bashin da ke waje kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinka, in ya kai nan a tsaya sai an biya, kuma ko na waye a rubuta da rana. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka babu wani abin kunya a ciro biro.

Sai na uku wanda ba mu son a faɗa: aljihu ɗaya. Kuɗin ciniki da kuɗin gida suna wuri guda, kana zarar kaɗan kaɗan kana cewa ai zan mayar, kuma ba a taɓa mayarwa. Ka buɗe wa kasuwan akawun ɗinsa daban, ka yanka wa kanka albashi ko yaya ƙanƙantarsa, in ya ƙare ya ƙare. Ka yi wata guda kana rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, har mafi ƙanƙanta, sannan ka sake turo mana saƙo, ina kyautata zaton kafin mako na biyu za ka ga ɓarawon da idonka.

Tambaya: Malam ina yini. Na daɗe ina tara kuɗi, ina da wata dabara ta sana'a da ban ga kowa na yi ba, duk wanda na faɗa wa sai ya ce kai wannan zai karɓu sosai. So nake in kama wuri in sayi inji in ɗauki ma'aikata biyu in fara da ƙarfi, maigidana na cewa in bi a hankali. Waye ke da gaskiya?

Amsa: Hajiya ki yi haƙuri, wannan karon ina bayan maigida. Waɗanda suka ce zai karɓu ɗin, nawa daga cikinsu suka ciro kuɗi suka ce ga nawa a ajiye min? Yabo kyauta ne, 'yan'uwa da ƙawaye ba za su so su kashe miki gwiwa ba. Kuma wannan da kika ce ba ki ga kowa na yi ba, zai iya zama ke kika riga kowa, zai kuma iya zama wasu sun gwada sun ga babu mai saye sun tattara sun tafi.

Kamfanin bincike na CB Insights ya taɓa tattara bayanan masu kamfanonin da suka durƙushe, dalilai biyu ne ke fitowa a sama: kuɗi ya ƙare, da kuma kasuwa ba ta buƙatar abin. Kuma yawan jari ba ya maganin na biyun. Quibi, manhajar gajerun finafinai a waya, sun tara dala biliyan 1.75 kafin su fara, suka buɗe a Afrilun 2020, kafin ƙarshen Oktoban shekarar sun sanar da rufewa. Webvan masu kai kayan masarufi gida su ma suka zuba kuɗi wajen gina manyan rumbunan ajiya tun kwastomomin ba su taru ba, a 2001 suka karye. Ki kwatanta da Nick Swinmurn wanda ya kafa Zappos a 1999, shi da ya so sayar da takalma ta intanet bai cika sito da kaya ba, shagunan mutane yake zuwa ya ɗauki hoton takalmi ya ɗora, in an yi oda ya koma ya saya ya aika. Riba ba wata ba ce a lokacin, amma ya samu amsar da yake nema da kuɗi kaɗan, wato mutane za su saya.

Ke ma ki yi haka. Ki yi kaɗan daga gida ko ki yi hayar injin wani na 'yan kwanaki, ki sayar wa baƙi waɗanda ba su san ki ba a cikakken farashi, ba ragi. Ki lura da masu dawowa karo na biyu, su ne shaida. In oda ta fi ƙarfinki har kina mayar da mutane, lokacin inji ya yi. Ko a lokacin ma kada ki zuba duka ajiyarki, ki bar abin da zai riƙe haya da albashi na wasu watanni ko da ciniki bai tashi ba, don haya ba ruwanta da ko an saya.

Tambaya: Yallaɓai, ni da aminina za mu haɗa jari, ya ce mu rubuta yarjejeniya, ni kuma na ji kamar bai yarda da ni ba.

Amsa: Abokina, ka gode wa Allah da ya ba ka amini mai hankali. Ku rubuta nawa kowa ya zuba, wa zai tsaya a kan aikin kuma nawa za a biya shi kafin a raba riba, yaya za a raba asara, wa ke da ikon cire kuɗi, sannan in ɗaya ya ce zai fita yaya za a ƙiyasta kasonsa kuma cikin wata nawa za a sallame shi. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.