Tambaya da Amsa: Fankar Hita Ba Ta Aiki Sai a Lamba ta Huɗu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, makunnin fankar hitar motata yana da lamba huɗu. Lamba ta ɗaya ce ta fara daina aiki, bayan 'yan makonni ta biyu da ta uku suka bi sahu, yanzu iska ba ta fitowa sai na murɗa shi zuwa ta huɗu, kuma a nan ɗin ma fankar tana yin ƙara kamar kukan gyare kafin ta ɗauka. Wani mai gyaran wutar mota ya ce a canza makunnin da fankar baki ɗaya. Shin maganarsa daidai ce?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, bayaninka ya rage mana rabin aiki, domin fankar da take juyawa a lamba ta huɗu ta riga ta shaida cewa wuta tana isa gare ta, kuma injinta bai mutu ba. Abin da ya fi yiwuwa ya lalace shi ne wani ɗan ƙaramin abu da masu gyara ke kira rizista, wanda aikinsa shi ne rage ƙarfin wutar da ke zuwa fankar domin ta juya a hankali. A lamba ta ɗaya, ta biyu da ta uku wutar tana ratsawa ta cikinsa, amma a ta huɗu sai ta kewaye shi ta tafi kai tsaye da cikakken ƙarfin batir, wato bolt 12. Shi ya sa idan ya ƙone ƙananan lambobin ke mutuwa, babbar kuwa ta ci gaba da aiki. Makunni yakan lalace, amma ba shi ne na farkon zargi ba, kuma ban ga dalilin cire shi ba kafin a auna shi da mita, wato na'urar auna wutar lantarki.

A yawancin motoci rizistan yana bayan akwatin ajiye takardu da ke gaban kujerar fasinja, daf da fankar, an ɗaure shi da kusoshi biyu. Idan aka ciro shi, sau da yawa ido kaɗai zai nuna ƙuna ko tsatsa. A duba soket ɗinsa ma, domin robarsa takan narke, kuma sabon rizista a kan narkakken soket ba ya daɗewa.

Sai dai abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙarar nan, kuma a kanta ne nake ganin mai gyaran yana da rabin gaskiya. Rizista yana ɗaukar zafi ƙwarai, saboda haka ake dasa shi a cikin hanyar iskar domin fankar da yake yi wa aiki ta riƙa sanyaya shi. Abu biyu ne suka fi kashe shi. Na farko shi ne toshewar matatar iskar cikin mota, wadda ƙura da busassun ganye ke cikawa har iska ta kasa wucewa yadda ya kamata, alhali mutane da yawa ba su ma san motarsu tana da ita ba. Na biyu shi ne tsufan injin fankar: idan boris ɗinsa ya bushe, juyawa takan yi masa nauyi, sai ya riƙa jan wutar da ta wuce ƙima, ita kuwa a ƙananan lambobi duk ta cikin rizistan take bi. Kukan gyaren da kake ji alamar wannan na biyun ce. Saboda haka ka sa a kashe mota, a ciro fankar, a juya ta da hannu. Idan ta juya sumul ba tare da cijewa ba, a share dattin da ke cikinta, a canza matatar da rizistan, shi ke nan. Idan kuwa tana cijewa ko tana girgiza, to a canza ta tare da rizistan, in ba haka ba sabon ma ƙonewa zai yi.

Ga waɗanda tasu fankar ta yi shiru a dukkan lambobi, da fiyus ake farawa, kuma littafin motar ko murfin akwatin fiyus zai nuna wanda yake na fanka. A maye shi da mai lamba iri ɗaya. Ɗaura waya a gurbinsa ko sa wanda ya fi shi ƙarfi hanya ce ta ƙona wayoyin mota. Idan fiyus lafiya yake kuma mita ta nuna wuta tana isa soket ɗin fankar, a ɗan bubbuga jikin injin fankar da hannu yayin da makunni yake kunne. In ta farka, 'yan sandunan gawayin da ke cikinsa, waɗanda ake kira burushi, sun cinye, kuma farkawar ta ɗan lokaci ce kawai.

Kada a yi wasa da gyaran nan don ana ganin sanyi ya wuce, domin wannan fankar ce dai take hura iskar na'urar sanyaya mota, ita ce kuma take kore tururin da ke rufe gilashin gaba idan ana ruwan sama.

TAMBAYA: Malam, ni tawa fankar tana hurawa da ƙarfi, amma iskar sanyi kawai take fitarwa ko da na kai makunnin zafi ƙarshe.

AMSA: Fankarki ba ta da laifi, Malama. Hita ba ta samar da zafi da kanta, daga ruwan da ke sanyaya inji take ɗaukowa ta wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a cikin dashbod. Ki fara duba yawan ruwan, amma sai inji ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi yana iya watsa wa mutum tafasasshen ruwa. Idan ruwan ya cika, sai a duba allurar zafin inji: in ba ta hawa zuwa inda ta saba ko bayan doguwar tafiya, tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, shi ne ya maƙale a buɗe ko kuma an taɓa cire shi. In kuwa tana hawa daidai, mai gyara ya taɓa bututun roba biyu da ke shiga ƙaramin lagireton. Idan ɗaya yana da zafi ɗaya kuma babu, to mai yiwuwa ƙaramin lagireton ne ya toshe, sai a wanke shi.