Tambayoyinku Kan Karatu a Waje: Kuɗi, Gurbi da Aiki

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili kan karatu a ƙasashen waje maganar kuɗi suke yi. Ga biyar daga cikin waɗanda suka zo mana daga garin Kaduna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama digiri a Zariya, ya yi bautar ƙasa, yanzu ya samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, ba a cikin Landan ba. Kuɗin makaranta fam 16,000 ne. Ejan ɗinmu ya ce in biya fam 4,000 kafin alƙalami, sauran yaron zai riƙa biya da aikin da zai samu can. Ina shirin sayar da filina na Rigachikun. Me kuka gani? Daga wani uba, Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayar da filin tukuna, mu fara yin lissafi.

Fam 4,000 ɗin nan abin da zai sa jami'a ta ba shi takardar CAS ne kawai, wato shaidar samun gurbi, wadda ba a neman biza sai da ita. Ofishin biza kuma zai so ya ga ragowar fam 12,000 a asusu, haɗe da kuɗin zama na wata tara. Daga Nuwamban 2025, fam 1,171 ake ƙiyasta wa ɗalibin da ba a Landan yake ba a wata, wato fam 10,539. Jimilla fam 22,539 ke nan, kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusun ɗanka, ko naka, ko na mahaifiyarsa, ba tare da sun gaza adadin ko da na yini ɗaya ba. A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Suna ajiye naira daidai wa daida, sai canji ya motsa kafin ranar da aka miƙa takardu, kuɗin su gaza da 'yan fam kaɗan, a hana biza. A ɗora wani abu a sama. Kuɗin kawu ko na maigidan kasuwa kuwa ba a karɓa muddin suna asusunsa.

Sai kuɗin inshorar lafiya, fam 776 a shekara. Da yake bizar digiri na biyu takan zarce shekara da 'yan watanni, fam 1,164 ake biya gaba ɗaya tun kafin tafiya. Kuɗin bizar kanta ya haura fam 500. Akwai gwajin tarin fuka da ake yi a asibitin da suka amince da shi, mafi kusa da ku shi ne na Abuja. Ga tikitin jirgi, ga kuɗin kama ɗaki. In an haɗa, an wuce fam 28,000 ba a sa jirgi ba. Ko a naira 2,000 aka ɗauki fam domin sauƙin lissafi, ana maganar sama da naira miliyan 56. Kuma karatun wata goma sha biyu ne, ba tara ba.

Maganar ejan cewa aiki zai biya kuɗin makaranta ita ce ta fi damun mu. Ɗalibi ba shi da izinin wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, wato kimanin fam 1,000 a wata, in ma ya samu aikin da wuri kuma awowin sun cika. Haya da abinci da motar zuwa makaranta za su cinye wannan. Wanda ya zarce awa 20 kuma bizarsa yake wasa da ita. A 2024 an ga yadda wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa cika kaso na gaba bayan faɗuwar naira, aka dakatar da karatunsu, har aka ce wa wasu su bar ƙasar. Jami'a ita ke ɗaukar nauyin bizar ɗalibi, ranar da ta cire sunansa dole ta sanar da hukuma.

Bayan kammalawa akwai bizar neman aiki ta shekara biyu, wadda za ta koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Kafin ta ƙare sai ya samu kamfanin da ke da lasisin ɗaukar baƙi, da albashin da ya kai ƙa'ida, wanda ko ga sabon mai digiri ya haura fam 33,000 a shekara. Masu kwamfuta, injiniya da fannin lafiya sun fi samun wannan ƙofa. Idan kuɗin fili zai rufe duka lissafin nan har da rara, kuma kwas ɗin zai amfane shi ko da gida ya dawo, to bismillah. Idan rabi kawai zai rufe, ku rubuta wa jami'ar ta ɗage masa gurbin zuwa baɗi, yawancinsu suna yarda. Kuma in yana da iyali, ku sani tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata da yara.

Tambaya: 'Yata sau biyu tana neman likitanci a gida ba ta samu ba. An ba mu shawarar Masar ko Saifurus ta Arewa, har an ce akwai rangwamen rabin kuɗi. Wanne ya fi? Daga wata uwa, Malali.

Amsa: Hajiya, kafin a zaɓi ƙasa a fara tambayar ko za ta iya aiki da takardar in ta dawo. Duk likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin a ba shi lasisin fara aikin horo a asibiti, kuma ba jarrabawar wasa ba ce, akwai masu maimaita ta. Hukumar tana duba sakamakon sakandare ma, don haka a tabbatar tana da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A nemi sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet, sannan a rubuta wa MDCN a tambaye ta kai tsaye, kada a tsaya kan bakin ejan.

Abu na biyu shi ne asibitin koyarwa. A shekarun ƙarshe a gefen gadon marar lafiya ake koyon aikin. Ko da lacca da Turanci ake yi, marar lafiya a Alƙahira Larabcin Masar zai yi mata, na Saifurus kuma Turkanci. Ɗalibar da ba ta koyi harshen ba kallo kawai za ta yi ta yi, kuma wannan giɓi ne ke bayyana a jarrabawar gida. In tana da tushen Larabci daga Islamiyya, Masar za ta fi mata sauƙi.

Game da rangwame, a nemi a rubuce: nawa ne a shekara bayan ragin, da wane kuɗi ake biya, kuma ragin zai ci gaba har ƙarshe ko sai da sharaɗin maki? A ninka adadin da shekarun karatun, a ƙara masauki, abinci da sabunta izinin zama. Saifurus ta Arewa kuwa Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, kuma aikin ɗalibai ya yi ƙaranci.

Ko ina ta tafi, ta riƙa karɓar takardar sakamakonta mai hatimi a ƙarshen kowace shekara tana turo kwafi gida. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun dawo da ɗalibai da yawa, kuma waɗanda ke riƙe da takardunsu su suka fi samun sauƙin komawa wata makaranta.

Tambaya: Da gaske ne karatu kyauta ne a Jamus? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

Amsa: Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai 'yan ɗaruruwan yuro na rajista a kowane zango. Jihar Baden-Württemberg ta fita daban, tana karɓar yuro 1,500 a zango daga baƙi. Amma ba a ba da biza sai ka zuba kuɗin zaman shekara guda, yuro 11,904 a ƙa'idar da ta fara a Satumban 2024, a wani asusu na musamman da ake kullewa, a riƙa sakar maka yuro 992 a wata. Digirin farko galibi da Jamusanci ake yi, kuma mai takardar WAEC kaɗai yawanci sai ya yi shekarar share fage. Digiri na biyu da Turanci ya fi yawa, musamman a injiniya da kimiyya. Ana ba da wata 18 na neman aiki bayan kammalawa, sai dai wanda bai iya Jamusanci ba yakan sha wuya a kasuwar aiki, don haka ka fara koyo tun kana Kaduna. Layin ganawa a ofishin biza yana da tsawo, ka yi rajista da zarar takardunka sun haɗu.

Tambaya: Ba ni da mai biya mini. Wane tallafi zan nema? Daga wata malamar makaranta, Kawo.

Amsa: Malama, Chevening na Birtaniya yana biyan komai na digiri na biyu, yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu, kuma a watan Agusta ake buɗe shi. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana cike shi daga Janairu zuwa Fabrairu. Akwai DAAD na Jamus, da Commonwealth, da PTDF na Gwamnatin Tarayya ga fannonin da suka shafi mai da gas. Ki riƙa bibiyar sanarwar Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kaduna ma. Duk waɗannan ba a sayen fom ɗinsu, wanda ya ce ki biya shi domin ya saka sunanki ɗan damfara ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne jinkirin fitar da takardar sakamako daga jami'a da fasfo da ya ƙare, ki fara da su wata shida kafin a buɗe.

Tambaya: An ce mini a Kwatano ana gama digiri cikin shekara ɗaya da rabi, a tafi bautar ƙasa. Daga wani matashi, Rigasa.

Amsa: Ɗan'uwa, ka nisanci wannan. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin, inda Kwatano take, da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna ya samu digiri cikin makonni kaɗan, daga baya ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu. Duk wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin NYSC ta karɓe shi, kuma ana duba fasfo a ga hatimin shiga da fita na shekarun da ya ce ya yi yana karatu. Idan aiki ne ya hana ka zama aji, Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiya a nan Kaduna, kuma hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da digirinta.