Amsa: wace waƙa zan kai gwajin wasan waƙa mai ban tausayi?

'Yar'uwa, kin ce wasan kwaikwayon waƙa da za ki je gwajin shiga na baƙin ciki ne, kina tambayar ko ki rera waƙa daga cikinsa. Kada ki yi, sai in sanarwar gwajin ta nemi hakan. Nemo wadda ta yi kama da shi a zamani da yanayi, wadda a wasanta mace mai shekarunki ce ke rera ta.

A Broadway da West End, manyan cibiyoyin wasan kwaikwayo na New York da Landan, yawanci gaɓar kiɗa (bars) 16 ko 32 masu gwajin suke nema, wato daga rabin minti zuwa minti ɗaya da 'yan kai. Don haka yanko wani sashe na waƙar ne aikin. Ki ɗauki wurin da mai waƙar ke neman wani abu wajen wani, ta fara da lallashi ta ƙare da ƙin yarda. Waƙar da take kuka tun farko har ƙarshe ba ta nuna musu kin iya wasa, murya kawai suke ji. Kuma kada ki zubar da hawaye da gaske, maƙogwaro ke shaƙewa, numfashi ya yanke.

Murya mafi hawa sama a cikin yankan ta zama wadda kike kaiwa ko da sassafe. Tsoro yana cinye numfashi.

Takardar kiɗan ta kasance a matakin muryarki, a cikin fayil mai buɗewa shimfiɗe, ki ja layi da jan biro inda za a fara da inda za a tsaya. Mai piyano bai taɓa ganinta ba. Ki rera masa layin farko ƙasa-ƙasa ya kama saurin. Ki riƙe waƙa ta biyu mai ɗan zafi, sukan ce a ƙara.