Amsar Baffa kan 'yar ƙaramar mota

Babana,

Saƙonka ya same ni ranar Lahadi, ina dawowa daga kasuwar Gujungu. Ka ce ka tara 'yan kuɗi, kana son ƙaramar mota ta zuwa aiki a cikin Kano, hankalinka ya rabu tsakanin Starlet, Golf da Picanto. Sannan ka tambaya ko dole ne sai ka kawo ta gida an sa albarka, kuma ko da kunya ka shigo gari da 'yar ƙarama alhali sa'o'inka na zuwa da manya.

Maganar kunya gajera ce. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, manyan nan da yawa a ƙarƙashin darbejiya suke kwana su wuni, ƙura ta rufe su.

Kawo ta gida kuwa ba farilla ba ce, babu malamin da zai ɗora maka zunubi. Amma ka kawo. Mu da muka taso, ko keke mutum ya saya, a ƙofar gida yake jingine shi, ya shiga ya durƙusa ya gaya wa mahaifinsa. In mota ce ya miƙa makulli. Tsoho ya fito ya dafa ta, ya ce Allah ya tsare, Allah ya sa rai aka yi wa. Mata su leƙo daga zaure, wata ta rangaɗa guɗa. A soya ƙosai a ba almajirai, yara su samu alawa, dattawan majalisa goro. Shi ke nan. Wanda ya ce sai ka yanka rago, naman yake so. Addu'ar hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf ta ishe ka.

Miƙa makullin nan fa ba wasa ba ne. Ma'anarsa mota ta zama ta gida. Duk ranar da ka kwana a garin nan, in naƙuda ta tashi da tsakar dare, ƙofarka za a buga. Kai amarya kai ne, ta'aziyya kai ne. Saboda haka kada ka auna ta da titin Zoo Road kaɗai, ka auna ta da burjinmu da yashin bayan makaranta. Kafin ka kalli fenti, tsuguna ka leƙa tsakaninta da ƙasa.

Ni ganau ne. A zamaninmu Fijo 504 ake yayi, wadda ake haɗawa a Kaduna, doguwar ƙafa gare ta, ba ruwanta da rami. Da ƙarfina ya kai, 'yar Kwatano ƙarama na saya. Ba ta yi wata guda ba aka zo kai amarya. Gwaggonninka bakwai suka dunƙule a ciki, ga kwalla da kwanuka a but, na kasa buɗe baki in ce a rage. Muna gangara kwazazzabo na ji ƙarar ƙarfe, na waiga sai ga salansa kwance a hanya tana hayaƙi. A amalanken shanu amarya ta ƙarasa ɗakinta. Har gobe in mahaifinka na son tsokanata, sai ya tambaye ni lafiyar salansa.

To, ga yadda nake ganin ukun. Tsohuwar Starlet ba ta shan mai, ga juriya, sai dai tun 1999 Toyota ta daina ƙera ta, duk wadda ka gani ta ba ashirin da biyar baya. Golf ita 'yan haya suka riƙe, don haka kowane makaniki a Ringim ya san cikinta, kayanta kuma birjik a Ƙofar Ruwa. Picanto 'yar Koriya ce, ta fi su ƙuruciya, ta fi daɗin kutsawa tsakanin 'yan Adaidaita Sahu, amma ka fara zaga Ƙofar Ruwa ka ji kuɗin shokozobarta. Da ni ne, Golf mai giyar hannu zan ɗauka, ko batir ya mutu yara su tura ta tashi. Ka je da makanikinka, ba na dillali ba, kuma kada ka biya la'ada sai ka ga takardun kwastan.

Ranar da ka miƙa makulli, ka raɗa wa Yaya cewa mutum biyar take ɗauka har da direba. Kai ba ka isa ka sauke gwaggonka ba, amma in shi ya faɗa a zaure, ta zauna.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin damina ta ɓata hanya. Innarka ta riga ta kama kujerar gaba, wai kai za ka kai ta asibiti a duba mata gwiwa.

Baffanka