Tambaya da Amsa: Tsaraba, wa za a saya wa, me kuma za a sayo?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kan tsaraba suke, don haka muka haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan tafi hutun mako biyu ƙasar waje, kuma wannan ce tafiyata ta farko. Tun ban tashi ba, 'yan uwa da ƙawaye da abokan aiki kowa na cewa "kada dai a manta da mu". Da na zauna na lissafa, mutum talatin da ɗaya ne. Dole ne sai na sayo wa kowa? Ina gudun a ce na yi rowa. — Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ba dole ba ne. Tsaraba kyauta ce, ba bashi ba, kuma yawancin masu cewa kada a manta da su sallama suke yi miki, ba jiran kaya suke ba. Abin da zai cece ki shi ne ki gama yanke shawara tun kina gida, domin a tsakiyar kasuwar baƙin wuri, ga gajiya ga kuɗin da ba ki saba da lissafinsa ba, ba a yin tunani mai kyau.

Ɗauki takarda ki raba mutanen nan gida uku. Na farko su ne waɗanda kowannensu zai sami nasa na kansa: iyaye, maigida, yara, da wadda ta riƙe miki gida ko aiki kafin ki dawo. Kada su wuce biyar ko shida. Na biyu su ne waɗanda za a ba su a dunƙule. Abokan aiki goma sha biyu, kwalin alewa ko biskit babba guda ɗaya a kan tebur ya wadace su, kuma gidan yayarki mai mutum bakwai abu ɗaya ne na gida gaba ɗaya. Na uku su ne waɗanda gaisuwa da hoto da labarin tafiya suka ishe su. Da kin yi haka za ki ga talatin da ɗaya ta koma sayayya tara ko goma.

Sai kuɗi. Shawararmu kada tsaraba ta ci fiye da kashi goma cikin ɗari na abin da kika ware wa tafiyar. Ki cire shi daban, ki sa a ambulan, ki rubuta sunaye a bayansa da adadin da kika yanka wa kowa. In ambulan ya ƙare, sayayya ta ƙare. Kada ki ci bashi don tsaraba, kada kuma ki taɓa kuɗin da kika ajiye na ko-ta-kwana. Jirgi na iya ɓata lokaci ki kwana a otal ba shiri, ranar nan kuɗin ya fi miki kowace kyauta amfani.

Abin da masu tafiyar fari suka fi mantawa shi ne nauyi. A yawancin kamfanonin jirgi, akwati ɗaya a kujerun gama-gari kilo 23 ne iyakarsa, jakar hannu kuwa kilo 7 ko 8. Kofin tangaran ɗaya ya kai giram 350. Ki saya wa mutum talatin da ɗaya, kin ɗauki kusan kilo 11, wato rabin akwatinki, ba a ma sa abin naɗe su ba. Kuɗin ƙarin kaya a wurin awo sau da yawa ya fi kuɗin kayan kansu. Don haka ki bar gida da sararin kilo 4 ko 5 a akwati, ki kuma tafi da ƙaramin ma'aunin hannu mai ƙugiya.

Kwanakin farko ki yi ta kallo kina tambayar farashi kawai. Ki sayi yawancin kayan saura kwana uku ki dawo, lokacin kin san tsada kin san araha. Amma in kika ga wani abu na musamman a garin da ba za ki sake bi ta cikinsa ba, ki saye shi a take. Kada ki bar sayayya sai filin jirgi, can ne ya fi ko'ina tsada.

Tambaya: Na sha sayo wa mutane mariƙin makulli da 'yan gumakan ado, daga baya sai in gan su a yashe. Me ya fi dacewa a saya? — Wani mai karatu

Amsa: Malam, laifin ba na waɗanda ka ba ba ne. Mariƙin makulli mai hoton wata hasumiya kai yake tuna wa tafiya, domin kai ka je. Wanda bai je ba, ƙarfe kawai yake gani. Kafin ka biya, ka tambayi kanka: da abin nan babu sunan garin a jikinsa, wane zai so shi? In amsar a'a ce, ka mayar.

Abin da ake ci, ko ake sha, ko ake amfani da shi har ya ƙare, shi ya fi karɓuwa: ganyen shayi, kofi, kayan ƙamshi a rufaffen fakiti, sabulu, littafin rubutu, alƙalami, gyale, littafin yara mai hotuna. Ba su da nauyi, ba sa cin wuri. Cakulan ma yana da farin jini, sai dai yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, don haka ka saye shi ranar ƙarshe ka riƙe a jakar hannu.

Wurin saye ma yana da tasiri. Shagunan da ke bakin wuraren yawon buɗe ido kayan masana'anta suka fi sayarwa, sau da yawa ma a wata ƙasar aka ƙera su. Juya abin ka karanta ƙasansa. Babban kantin da 'yan gari ke cefane ya fi sauƙin farashi ga kayan ci, shagon gidan tarihi kuma ya fi inganci ga littattafai da zane. In aikin hannu kake so, je inda mai yin yake zaune. Za ka gane na hannu da cewa biyu ba sa zuwa iri ɗaya sak, na inji kuwa ko tabon da ke jiki ɗaya ne.

Abubuwa uku ne suka fi ba da kunya. Takalmi, domin lamba 42 ta Turai ita ce kusan 8 a Ingila, kusan 9 a Amurka, kuma kamfani da kamfani ma sun bambanta. In dole ne, a auna tsawon ƙafar da santimita kafin ka tafi. Turare, sai in ka san ainihin wanda mutum yake shafawa. Sai kayan lantarki: Amurka da Kanada bolt 120 suke amfani da shi, Japan 100, yawancin sauran duniya 220 zuwa 240. Duba rubutun da ke jikin na'urar. In an sa 100–240V, adafta kawai kake buƙata. In 120V kaɗai aka sa, ka jona ta a wutar 230, ta ƙone a take, kuma adafta ba ya hana hakan domin bakin fulogi kawai yake canzawa.

Tambaya: Na sayi kwalbar zuma da turare, aka ƙwace su a wurin binciken jakar hannu. Faranti kuma da na sa a akwati ya iso a farfashe. Ina kuskurena? — Wata mai karatu

Amsa: Hajiya, dokar ruwa ce ta kama ki. A yawancin filayen jirgi ba a wucewa da mazubin da ya fi mililita 100 a jakar hannu, kuma duka sai sun shiga leda ɗaya mai zif, wadda ake ganin ciki, mai cin lita ɗaya. Girman mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Zuma, man shafawa, jam, duk abin da za a iya zubawa ko shafawa, ruwa ne a wurinsu. Wasu filayen masu sabbin na'urori sun sassauta, amma kada ki dogara da hakan in za ki canza jirgi a hanya. Abin da kika saya a shagunan cikin filin jirgi bayan bincike, ki ce a rufe miki shi a ledar nan mai hatimi da rasit a ciki, kada ki buɗe sai kin isa.

Kwalba a akwati kuwa, ki cire murfin, ki shimfiɗa 'yar leda a bakin, ki mayar da murfin, ki naɗe da salatif, sannan ki sa a leda biyu. Faranti ba ya son kwanciya. Ki naɗe kowanne da riga, ki tsayar da su a gefensu kamar littattafai a tsakiyar akwati, tufafi na kewaye da su ta ko'ina kaurin yatsu uku. Kofi da tulu a cusa musu safa a ciki. Bayan kin rufe, ki girgiza akwatin. In kika ji motsi, akwai sauran gyara, domin motsin ne ke fasa kaya.

Batirin ajiyar caji, wato fawa bank, akasin haka ne. Ba a sa shi a akwatin da za a auna, sai a jakar hannu, kuma ƙarfinsa da ke rubuce a jikinsa kada ya wuce Wh 100, kimanin mAh 27,000.

Tambaya: Wani mai shago ya nuna mini awarwaro ya ce na hauren giwa ne, tsoho ne, babu matsala. In saya? — Wani mai karatu

Amsa: Kada ka saya, ɗan uwa. Mai shagon ba zai tsaya tare da kai gaban jami'in kwastan ba. Akwai yarjejeniyar CITES, ta kare namun daji da tsirrai daga cinikin da zai ƙarar da su, da aka sa wa hannu a Washington a 1973, wadda ƙasashe fiye da 180 ke ciki, kuma a ƙarƙashinta aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Haka ɓawon kunkurun teku da ake yin mataji da shi, da fatar damisa. Murjani da jakar fatar kada ko ta mesa, wasunsu sai da takardar izini. Mafi sauƙin hukunci shi ne a ƙwace, ana kuma cin tara, ana kai wa kotu.

Kayan tarihi ma haka suke. Masar, Turkiyya da Girka sun tsananta kan fitar da tsofaffin kuɗi, gutsuren tukwane da duwatsun kufai, ko da a ƙasa ka tsinta. A tsibirin Sardiniya na Italiya, ɗiban yashi ko tsakuwar bakin teku na jawo tarar Yuro 500 zuwa 3,000. Tarayyar Turai ba ta barin matafiyi daga yawancin ƙasashen waje ya shigo da nama ko madara da dangoginsu. Ostireliya da Niyu Zilan kuwa har iri, itace da takalmi mai laka sai ka bayyana. In kana shakka, ka bayyana abin da kake ɗauke da shi. Wanda ya nuna yakan rasa kayan kawai, wanda ya ɓoye shi ke shan tara.

Sannan kowace ƙasa tana da iyakar darajar kayan da ake shiga da su ba haraji. A Tarayyar Turai Yuro 430 ne ga wanda ya zo ta jirgin sama, a Birtaniya fam 390, mazaunin Amurka da ya dawo gida dala 800. Nemi iyakar ƙasarka kafin ka tashi, ka adana kowane rasit. Ka kuma sani cewa agogo ashirin iri ɗaya, jami'i zai ɗauke su hajar kasuwa ne, komai rantsuwarka cewa tsaraba ce.

Tambaya: Wata ƙawata ta ba ni kuɗi in sayo mata jaka, wani maƙwabci kuma yana so in kai wa ɗan uwansa ƙunshi. In karɓa? — Wata mai karatu

Amsa: Saƙon saye, ki karɓa bisa sharaɗi: kuɗin ya zo tukuna, da hoton abin, da launi na biyu in ba a sami na farko ba, kuma ki faɗa mata tun yanzu cewa in bai faɗo a hanyarki ba za ki maido mata kuɗinta. Kafin ki biya ki tura mata hoto da farashi. In kati kika miƙa aka tambaye ki da kuɗin wace ƙasa za a cire, zaɓi na ƙasar da kike ciki, domin canjin da na'urar shago ke yi yawanci ya fi na banki tsada. In jakar mai tsada ce, tambayi shagon takardar mayar da harajin saye. A Tarayyar Turai ana buga mata hatimin kwastan a filin jirgin ƙarshe kafin a fita, kuma suna iya cewa a nuna kayan, don haka kada ki riga ki miƙa su a wurin awo.

Ƙunshi kuwa, kada ki ɗauki abin da ba a buɗe a gabanki kin duba da hannunki ba, ko na wane ne. Duk abin da aka samu a akwatinki naki ne a idon doka. Magani ma ki yi hattara, domin wanda ake saya a sake a wata ƙasa haramtacce ne a wata.

Tambaya: Na dawo, sai na tuna ban sayo wa gwaggona komai ba. Yaya zan yi? — Wani mai karatu

Amsa: Kada ka sayi wani abu a gida ka ce daga can ka zo da shi, irin wannan ba ya ɓoyuwa. Ka je ka gaishe ta a kwanakin farko, kafin ta ji dawowarka a bakin wasu. Ka zauna ka ba ta labari, ka nuna mata hotuna, ka wanke ɗaya mai kyau ka bar mata. A tafiya ta gaba kuma ka ƙara abu biyu ko uku marasa suna a cikin sayayyarka, irin fakitin shayi ko gyale, waɗanda za su dace da mace ko namiji, babba ko yaro.