Sun Zo Gwajin Sukari, Amma Ba Sa Tsayawa Jin Bayani

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ni da abokan aikina mukan fita a ranakun hutunmu mu wayar da kan jama'a game da ciwon sukari. Mutane na yin dafifi a teburin gwaji, amma da zarar an huda musu yatsa an faɗa musu lamba sai su watse. Bayanin abincin da muka sha wahalar shiryawa kuwa, kujeru muke yi wa. A ina muke kuskure?

AMSA: 'Yata, Allah ya saka muku da alheri, kada ku gaji. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Duk yatsan da kuka huda, aiki ne.

Ni ma na taɓa shiga wannan hali. Farkon fitata na kwashe kusan minti 40 ina bayanin yadda insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ke aiki a jiki, har da zane a allo. Da na gama sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to yau da daddare me zan ci?" Tun daga ranar na sauya salo. Abin da ke damun mutum ke nan, kuma a nan ya kamata a fara.

Ku daina raba gwaji da bayani. Layin gwajin shi ne ajinku. Wanda ke jiran a kira shi ba inda za shi, don haka ku ajiye tebur kusa da layin. A kai ku ɗora gwangwanin lemo guda ɗaya, sannan ku roƙi wani daga cikin masu jira ya auna sukari cokali-cokali cikin kofin gilashi. Gwangwani mai mililita 330 yakan ƙunshi kusan giram 35 na sukari, wato wajen cokalin shayi 9. Na sha ganin mai aunawa ya tsaya a cokali na biyar yana kallona, yana zaton na yi kuskure. Wanda ya auna da hannunsa ba ya mantawa, kuma shi zai kai labarin gida.

Kusa da kofin ku sa faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata abin gina jiki kamar wake ko kifi ko ƙwai, kwata abinci mai sitaci. Ku kiyayi karanto jerin abubuwan da aka hana. Na lura da zarar an ce wa mutum "kada ka ƙara cin abu kaza," sai ya rufe kunne, domin abin da aka hana shi ɗin shi ne abin da ke tukunyarsa. Ku yi masa maganar rage yawa da ƙara ganye. Kuma ku nemi mai girkin gidan ta kasance a wurin. Idan mai ciwon kaɗai ya ji, faranti ba zai canza ba.

Tsoratarwa ma ba ta taɓa yi mini amfani ba. Hoton ƙafar da aka yanke na sa mutane su ƙi dawowa. Gara ku ba su labarin da ke ƙarfafa gwiwa, kuma akwai shi: binciken da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa, da aka sa su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 30 ke nan na tafiya da sauri, kwana 5 a mako.

Sai batun lambar kanta, wanda ya fi damuna. Na'urar hannu ba ta yanke hukunci. A ma'aunin mg/dL, wanda lambarsa ta kai 126 bai ci komai ba tun dare, ko 200 a kowane lokaci, ku rubuta masa takarda ya je asibiti a tabbatar, ku faɗa masa a keɓe, ba a gaban layi ba. Ku karɓi lambar wayarsa da izininsa, bayan mako 2 ɗayanku ya kira ya ji ko ya je. Cikin waɗanda nake kira, da yawa takardar tana nan a aljihu, sai bayan kiran suke tafiya.